Kwanci a Gadon Jariri

Ni fa ban taɓa ƙaunar Baƙa ba. A duk kajina ita ce uwar masifa, ga sata ga tone-tone. In na shanya hatsi na juya baya, sai in tarar da ita a tsakiyar tabarma tana watsi da ƙafa. Sau nawa na ce wa Maigida ya kawo wuƙa mu huta, sai ya ce, "Ƙyale ta, halinku ɗaya." To, wannan kazar ce ta fito min da 'yata daga ɗaki, lokacin da ni da na haife ta na kasa.

Auta muke ce wa 'yar tawa, don daga ita ban sake ba. Mijinta direban babbar mota ne, in ya kama hanya sai ya yi wata ba a ga ƙeyarsa ba, shi ya sa da cikinta ya tsufa muka ɗauko ta ta zauna wurinmu. Cikin fari ne. Babanta kafinta ne, ya ture aikin mutane gefe ya ƙera wa jikansa ɗan gado mai shinge, ya yi ta gogarsa har hannu yana zamewa a kai. Ni kuma ranar da naƙuda ta tashi na sa aka yanka min zakarana, wani ja ƙato, don ta sha romo in ta sauka. Romon nan maƙwabta ne suka sha shi.

Aiki aka yi mata, yaron bai zo da rai ba. Ita kuma jini ya ɓalle mata, tana kwance ba ta san inda kanta yake ba. Babanta da mijinta suka kai yaron makwancinsa tun ba ta farfaɗo ba. Da ta buɗe ido ta ce, "Inna, ina ɗana?" sai na ce yana cikin kwalba, ba shi da ƙarfi, ba a barin kowa ya shiga wurinsu. Na faɗa mata haka yau, na maimaita gobe, har na ƙara da cewa yana karɓar madara. Kada wanda ya zo min da wa'azi. In kai ne a bakin gadon nan, kana kallon leɓen 'yarka fari fat, abin da za ka faɗa ke nan. Ana nan sai wata nas da ba ta san shirinmu ba ta shigo sauya mata ruwa, ta dafa kafaɗarta ta ce Allah ya ba da haƙuri.

Auta ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Dubana kawai ta yi, ta juya fuskarta ga bango. Da muka dawo gida ta shige ɗaki, shi ke nan. Abinci in ta yi cokali biyu ta ture, magana ba ta wuce "to" da "a'a". Mijinta da aiki ya tilasta masa komawa hanya ya yi ta bugo waya, wayar ta yi ta ruri a gefen filo har ta gaji. Na tattara kayan jariri na kulle a akwati, gadon kuma muka kai shi ɗakin ajiya na bayan gida inda Maigida ke tara katako, muka jefa buhu a ciki. Na kafa doka, ba mai ambaton yaron a gidan nan. Amma tsoro ya hana ni sakat, domin ina gani da idona 'yata tana tafiya tana bar min gangar jiki.

Cikin haka Baƙa ta ɓace. Na ce ɓarawo ya taimake ni, Allah ya raka taki gona.

Wani hantsi na dawo daga kasuwa na ga ƙofar Auta a buɗe, ba ta ciki. Ba zan ɓoye ba, rijiya na fara leƙawa. Na duba banɗaki, na duba kicin, sai na ji wani gurnani daga ɗakin ajiya. Na tura ƙofa, ga Auta a tsugune gaban gadon nan da muka ɓoye mata, ga Baƙa a ciki, ta baje a kan buhu da ɓarɓashin katako, ta kumbura ta yi biyun kanta tana harararmu. Na buɗe baki zan fara kame-kame a kan gadon, sai Auta ta riga ni.

"Inna, kwanci take yi," ta ce. "Miƙo min gawayi."

Rabon da in ji magana mai tsawon haka daga bakinta tun asibiti. Da gudu na je murhu, ni da gwiwata ke ƙara in na tashi.

Ni na koya mata wannan tun tana 'yar mitsitsiya. In kaza ta kwanta, sauran kajin ba sa barin ta, sai su riƙa kutsawa suna zuba nasu ƙwan a gurbinta. In ba ka ware ba, na farko su ƙyanƙyashe, uwar ta tashi da su, ta bar na baya su mutu a cikin ɓawo. Don haka sai a zagaye cikin kowane ƙwai da gawayi, zobe guda, yadda ko ta ina kaza ta juya shi za a gani, kullum kuma a tsince wanda ba shi da zane. Auta ta jira har Baƙa ta sauka shan ruwa, ta zana ƙwai bakwai ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da su da ɗuminsu.

Daga ranar gidan ya ɗan yi numfashi. Da safe Auta ta fito ta kai dusa da ruwa, ta barbaɗa toka a kusurwoyin gadon saboda ƙuma, in gawayin ya fara gogewa ta sake zanawa. Baƙa sau ɗaya take sauka a yini, ta fito fuka-fukai a buɗe tana faɗa da iska, ta ci a gurguje, ta yi birgima a ƙasa, ta saki wani kashi da warinsa ke korar mutum daga tsakar gida, ta koma. Na samu ƙofa na ce, "Kin ga ko ita da take kwanci tana sauka ta ci. In ta ci, ke ma ki ci." Ta karɓi kwanon. Rannan har na ji ta ɗauki wayar mijinta tana gaya masa kaza ta tsige gashin ƙirjinta don ƙwai ya ji ɗumin fata. Maigida yana alwala ya tsaya cak da buta a hannu, muka dubi juna.

Ana shiga sati na biyu, muna karyawa, Maigida ya ce, "Ni kam kwanan nan makara nake yi. Tun da aka yanka jan nan ba mai tashe ni."

Ludayin hannuna ya faɗi cikin tukunya. Kai, wannan kai nawa! Shekara nawa ina kiwon kaji, amma tashin hankali ya share min lissafi. Zakara ɗaya ne a gidan, an kuma yanka shi ya fi wata kafin Baƙa ta fara zuba ƙwan nan. Katangarmu doguwa ce, kajina ba sa fita, na maƙwabta ba sa shigowa.

Da Auta ta shiga wanka na saci ƙwai biyu daga ƙarƙashin Baƙa, ta sakar min baki a hannu. Na shige kicin na rufe taga, na haska su da fitilar waya. Ƙwan da ya ɗauka, a irin wannan lokaci za ka ga jijiyoyi ja da ɗan duhu yana motsi. Waɗannan kuwa haske ya ratsa su tas, ba komai sai gwaiduwa tana yawo. Washegari na gwada sauran, duk kanwar ja ce.

"Sai ki gaya mata," in ji Maigida.

"In gaya mata me? Wannan ma babu?"

"To ai babun ne."

"Kai ban da ƙusa da guduma me ka sani? Yarinya ta fara cin abinci, kana so in mayar da ita ɗaki?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Ni dai na ga ƙaryar farko ba ta yi mana kyau ba." Na ce in ba zai taimaka ba ya ja bakinsa ya yi shiru. Ya ja ɗin kuwa, don ya san ni.

Na yi tunanin musanya ƙwan da masu kyau, amma an makara. Auta tana ƙirga kwana, kuma kazar ba za ta iya sabon zama daga farko ba. Tun a lokacin ta rame, in ka ɗaga ta kamar ka ɗaga tsumma, tukkunta ya koɗe. Haka na zuba ido ina kallon su biyun, kaza tana zaune a kan banza, 'yata tana zaune a kan kaza. Abinci ya daina min daɗi. In na ga Auta ta ɗauki ruwa ta nufi bayan gida, sai in ji kamar in kurma ihu.

Sati uku ya cika. Wanda ya san kaji ya san kafin ɗan tsako ya fasa, ana jin kukansa daga ciki, siriri, uwar tana amsa masa. Na leƙa ta ƙofa na ga Auta ta kara ƙwai a kunne, ta daɗe, ta ajiye ta ɗauki wani. Da ta gama ta zauna a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa. Ranar kwanon abincinta yadda na kai haka na ɗauko. Washegari ma haka.

Na ce wa Maigida, "Tashi. Akwai wata mata a bayan kasuwa, kajinta ba sa rabo da ƙyanƙyasa. Ka samo min 'yan tsaki bakwai, na yau ko na jiya, waɗanda gashin fiffike bai fito musu ba. Ka haɗo da baƙaƙe. In ka dawo ka biya wurin mai shayi ya tara maka ɓawon ƙwai, don ba a ƙyanƙyasa ba ɓawo."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ɗauki hularsa. Shi ma fa uba ne, ya ga kwanon da ke dawowa.

Da yamma ya shigo da kwali a ƙarƙashin riga kamar ɓarawo. Na ajiye shi kusa da murhu don ɗumi, 'yan banzan suka dinga tsiyau-tsiyau, na ƙure rediyo har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko kunnena ya mutu ne. Kaza ba ta karɓar baƙon ɗa da rana, sai ta tsattsage shi. Don haka da asuba, gari bai waye ba, muka lallaɓa ɗakin ajiya, Maigida yana riƙe da kwali. Na zura hannu ƙarƙashin Baƙa na zaro ƙwai na tura ɗan tsako, na zaro na tura. Ta sassare ni har jini ya fito, ban ko ji ba. Da na gama ta ɗan ɗaga jiki, ta leƙa ƙarƙashinta, ta yi wani ƙurƙur can cikin maƙogwaro, ta gyara fiffike ta rufe su. Na watsa ɓawon a gefenta. Ƙwan kuma na zuba su a tsohuwar tukunya na tura bayan buhun gawayi a kicin.

Rana ta fito na tsaya a tsakar gida na ɗaga murya. "Auta! Fito ki ga ikon Allah!"

Ta fito a hankali, ɗankwali a hannu. Muka bi ta a baya ni da babanta. Ta tsuguna gaban gadon. Wani ɗan baƙi ya leƙo da kai ta ƙarƙashin fiffike, wani ruwan ƙasa ya hau bayan uwar ya zame. Na ga bakin Auta ya motsa kamar za ta yi murmushi, na ce a raina alhamdu lillahi, mun tsallake. Sai ta miƙa hannu ta ɗauki ɓawo ɗaya.

Ta juya shi, ta sake juyawa. Ta ajiye ta ɗauki wani. A nan na ga abin da take nema. Ni da na koya mata zanen, ni ce na manta da shi.

"Ina gawayin?" ta ce.

"Ai... ya goge mana. Zafin jikin kaza."

"Shekaranjiya na sake zana su." Ta kai ɓawon hanci. "Wanda ɗan tsako ya fito daga ciki, ta sama yake yanke shi, cikinsa da 'yar fata busasshiya mai jini-jini. Ke kika nuna min. Wannan a bakin kofi aka fasa shi, Inna. Har ƙaurin mai yake yi."

Maigida ya yi gyaran murya ya ce, "Uwata, mu fa don ke..."

"Baba, don Allah." Ba ta ko dube shi ba, ni take kallo. "Na san babu zakara a gidan nan. Mai kwana ido biyu ai ita ta fi kowa sanin gidan da ba a cara. Ranar da na zana su ban tuna da haka ba, amma ba a yi kwana uku ba na gane."

"To don me kika bar ta tana ta zama?" na ce.

"Na kasa ɗaga ta. Kullum in na zo da niyya, sai in ga yadda take juya su da baki, sai in fasa. Har kunne nake karawa, ko Allah zai sa na yi kuskure." Ta share hanci da bayan hannu. "Kuma ina jira in ga ko a gidan nan akwai wanda zai dube ni ya ce, Auta, babu. Na ga ranar da kika shiga kicin da su kika rufe taga. Na ce yau Inna za ta faɗa min. Na jira, na jira. Ashe kwalba za a sake sa min."

Wallahi da mari ta yi min da ya fi sauƙi. Raina ya ɓaci, kunya kuma ta rufe ni, na rasa wanda zan bi a cikinsu. Na ce, "Ke ba ki ga yadda kike ba a gadon nan! Da na faɗa miki, da biyu zan binne!"

"Ina ƙwaina?"

"Me za ki yi da baragurbi?"

"Nawa ne. Ni na zana su. Kawo min."

Babanta ne ya je ya ɗauko tukunyar, ya haɗo da tsohuwar roba. Ta zauna dirshan a cikin ɓarɓashin katako, ta ɗauki na farko, ga zoben gawayinta raɗau a jiki, ta fasa a bakin robar. Ruwa ne kawai rawaya, tsararo. Ta leƙa sosai, ta ɗauki na biyu. Na huɗun ne ya yi tus, wari ya cika ɗakin, Maigida ya toshe hanci da hula, ni na kau da kai. Ita ko gezau. Sai da ta fasa bakwai ɗin nan, kowanne ta duba cikinsa, sannan ta goge hannu da buhu.

"Babu komai," ta ce. "Kin gani, Inna? Na gani da idona, ga ni kuma ban mutu ba."

Baƙa kuwa ba ruwanta da mu, ta sauko daga gadon tana kiran 'ya'yan wata, suna dirowa ɗaya-ɗaya ta tsakanin shingen suna bin ta.

"Wata tara ina ɗauke da shi," in ji Auta. "Kowa ya gan shi. Baba ya gan shi, mijina ya gan shi, har masu shara a asibiti sun gan shi. Ni kaɗai ce ban gani ba, kuma kin hana a ambace shi, kamar abin kunya na haifa. Kwanan da kika ce yana shan madara, ina kwance ina zaɓa masa suna, ashe yana cikin ƙasa." Sai yanzu muryarta ta karye. "Ke kin riƙe shi?"

"Na riƙe shi."

"Da wa ya yi kama?"

Na zauna a ƙasa kusa da ita, ga robar wari a gabanmu. Tun ranar nan ban bar kaina na tuna fuskar yaron ba, na danne ta kamar yadda na danne kayansa a akwati. Maigida ya juya mana baya yana shafa shingen gadon, kafaɗunsa suna rawa.

"Kyakkyawa ne," na fara, "kamar barci yake, har yana..."

"A'a, Inna." Ta kama hannuna, wanda Baƙa ta sassara, ta riƙe gam har ya yi min zafi. "Kada ki ƙara, kada ki rage."

Na haɗiye abin da na yi niyyar faɗa. Na ce mata ba kamar barci yake ba, leɓensa ya yi duhu, jikinsa kuma ya saki. Na ce yana da nauyi, ya cika min hannu. Gashinsa baƙi ne mai yawa, a jiƙe, ya kwanta masa a goshi. Kunnuwansa irin na babanki ne, masu fitowa waje. Hancin kuwa naki ne, ba wanda zai yi musu.

Ta kai hannu ta taɓa hancinta. Daga nan kukan ya zo, irin wanda ake ji har bakin titi, na kuwa bar ta ta yi, ban ce ta yi haƙuri ba. Da ya ɗan lafa ta ɗago, fuska jage-jage.

"Yatsunsa fa?" ta ce.

Na gyara zama na ci gaba.